Wayar Gidan Dogo

A cikin Hausawan Fatakwal, daga bakin kwatar Trans-Amadi har lungunan Diyobu, idan aka ce a kira mai wuta, to Zainulabidin ake nufi. A garin aka haife shi. Ubansa mahauci ne da ya zo daga ƙasar Kano tun yana saurayi, ya mutu a nan, aka binne shi a nan. Shi kuwa yaron bai taɓa son wuƙa da jini ba, sai ya bi wani Ibo mai aikin wayarin, ya yi shekaru yana ɗaukar masa tsani har hannunsa ya faɗa. Mutum ne marar yawan magana, amma da an taɓo zancen waya sai ka rasa inda ya samo baki.

Ranar da abin ya faru yana aiki a sabon gidan da Alhaji Baffa Indabawa yake ginawa. Alhaji Baffa babban dillalin shanu ne, kuma a kwata ba a yanke magana sai an ji ta bakinsa. Hadari ya haɗu tun hantsi, garin ya yi dumu-dumu. Zainulabidin yana bisa tsani yana zura waya a bututu, sai salularsa ta yi ƙara. Matarsa ce, Sadiya.

"Baban Baiwa, kana ina?"

"Ina gidan Alhaji. Lafiya?"

"Gidan Dogo ne ya kama da wuta. Daga ƙofarmu ana hango hayaƙin. An ce an fito da Inna Delu a hannu."

Bai san yadda ya sauko daga tsanin ba. Ya dai tsinci kansa a bakin titi yana ɗaga wa keke mai ƙafa uku hannu, takalminsa ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.

Gidan Dogo gidan haya ne na Alhaji Baffa, ɗakuna a jere suna kallon juna, da siririn lungu a tsakiya. Masu dako da leburori da 'yan tireda ne a ciki, sai tsofaffi biyu ko uku. Inna Delu tana ɗakin ƙarshe. Ita ce ta riƙe Zainulabidin lokacin da mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami, ta yi masa wanka, ta ba shi ƙosai a bakin kasko, ta dake shi ranar da ya fasa zuwa makaranta. Wayarin ɗin gidan kuwa, daga ƙofar shiga har ɗakin nata, shi ya yi shi da hannunsa a daminar bara.

Keken yana kutsawa cikin cunkoso, shi kuma zancen bara yana dawo masa kamar yanzu ake yin sa. Alhaji ne ya ce ba ya son soket a ɗakuna, don kada 'yan haya su cika masa gida da hita da dutsen guga. Fitila kawai, sai wurin cajin salula a bakin ƙofa. Wani abokin Alhaji da ke zaune ya ce to a sa waya mai kauri, mai lamba biyu da rabi, ko'ina a gidan, a huta. Zainulabidin ya girgiza kai.

"Ranka ya daɗe, biyu da rabi ta soket ce, inda ake jona firji da guga. Fitila ɗaya da rabi take so. Ƙwan fitilar yanzu ba ya cin komai. Duk na gidan nan ka haɗa su, ba su kai dutsen guga guda ba. Kuma zan sa bireka a akwati, wadda da nauyi ya wuce ƙa'ida za ta katse wutar da kanta. Idan wayar nan ta yi wani abu, a wuyana."

A gaban mutane ya faɗa, har yana dukan ƙirji. Magana kuwa zarar bunu ce.

Ya tarar wutar ta mutu. Samarin unguwa da bokitai ne suka fara, ruwan sama ya ƙarasa musu, 'yan kwana-kwana suka iso a kan toka. Ɗakuna uku na ƙarshe sun ƙone, kwanon rufinsu ya lotsa ciki. An jibge katifu da tukwane da buhunan kaya a tsakiyar titi, ruwa yana dukansu. Ba wanda ya mutu, abin da aka fara gaya masa ke nan. Inna Delu hayaƙi ne ya shaƙe ta, an wuce da ita asibiti.

Sai ya lura da yadda ake kallonsa. Mutanen da jiya suke kiransa ya sha shayi, yau suna matsawa gefe suna ba shi hanya. Wata maƙwabciya 'yar gari, ta ɗaura zani a ƙirji, ta nuna shi da leɓe ta ce wa ta kusa da ita da broka, "Na dis wan do di waya," wato wannan ne ya yi wayarin. Wani dattijo ya ce shi ya ga inda wutar ta fara, daga silin ta sauko, ba daga murhu ba. Wutar da ta fara daga silin ai ta waya ce, ko yaro ya san wannan.

Alhaji Baffa yana tsaye ƙarƙashin lema, an riƙe masa. Zainulabidin ya durƙusa ya yi masa jaje. Alhaji ya amsa a taƙaice, bai dube shi ba.

"Zainu, gobe bayan la'asar ka same mu a rumfar masallacin kwata. Liman zai zo, da dattawa. Masu ɗakunan nan suna da tambaya, ni ma ina da ita."

"Ranka ya daɗe, a bar ni in shiga in duba."

"Yau ba mai shiga. Da safe ka zo."

A gida Sadiya ta ajiye masa tuwo, ya zauna yana kallon kwanon. 'Yarsu Baiwa ta zo ta jingina da gwiwarsa tana ba shi labarin makaranta, yana cewa to, to, ba ya jin komai. Lissafi yake yi a zuci. Ya ƙirga ƙwayayen fitilar gidan, ya haɗa abin da suke ci, ya sake haɗawa. Ko an ninka su uku, wayar ɗaya da rabi ba za ta ko yi ɗumi ba. To me ya ƙone ta?

Nan wani tunani ya faɗo masa. Kasuwa ta cika da jabun waya. Akwai wadda ake rubuta mata ɗaya da rabi alhali ba ta kai ɗaya ba. Akwai wadda sanholo ce aka shafe ta da jan ƙarfe, a ido jazur, a ciki fari fat, tana karyewa a mahaɗa ta yi ta tartsatsi a ɓoye. Ya tuna cewa da ragowar wayar Gidan Dogo ya gyara fitilar ɗakinsu.

Ya miƙe zumbur, ya je ya kashe wutar gidan gaba ɗaya.

"Baban Baiwa, mene ne haka? Yanzu fa aka kawo ta."

"Riƙe mini tocila."

Ya kwance makunnin ɗakin, ya zaro bakin wayar, ya sa wuƙa ya kankare. Jan ƙarfe ne. Ya ƙara kankarewa har ya kusa raba ta biyu. Jan ƙarfe ne har ciki. Sadiya ta sauke numfashi.

"Ka gani? Wayarka ƙalau take."

"Wannan naɗin waya na farko ne. Ya ƙare mini a tsakiyar aiki, mutumin da nake saye a wurinsa ya tafi ƙauye biki, na sayi na biyu a wani shagon. Da shi na yi ɗakunan ƙarshe."

"Ba ka duba ba?"

"Na duba." Ya sake duban wayar. "Ina jin na duba."

Abin da ya fi cin ransa ke nan. Ya tuna shagon, ya tuna ana yayyafi, ya tuna har rigar mai shagon, amma ya kasa tuna ko ya sa wuƙa a wayar. Ya hana a kunna wuta a gidan ranar. Sadiya ba ta yi musu ba, ta kunna fitilar caji ta ajiye a kan akwati.

Da gari ya waye ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya nufi Gidan Dogo. Warin ƙuna da jiƙaƙƙiyar toka ya tare shi tun daga bakin layi. Akwatin wutar yana bakin ƙofar shiga, nesa da inda ya ƙone, don haka da shi ya fara. Ya buɗe murfin, ya tsaya cak.

An ɗaure birekar fitilu. Wani ya samo guntun waya mai kauri, ya naɗa daga bakinta na sama zuwa na ƙasa, ya murɗe tam. Wuta tana bi ta kan guntun ta wuce, birekar kuwa ko ta faɗi ko ba ta faɗi ba, duk ɗaya ne. Ya daɗe yana kallon ɗaurin. Ya ɗauki hotonsa da salula, sannan ya kwance birekar da ɗaurinta ya sa a jaka.

Ya bi lungun zuwa ƙarshe, yana tsallake garwashin katako. A ɗakin Inna Delu gadon ƙarfe ne kawai ya rage a tsaye. Ya hau kansa ya jawo wayar da ke lilo daga sama. Robarta ta narke ta manne, amma da ya kankare sai ga jan ƙarfe, mai kyau, kaurinsa daidai. Ya ce alhamdu lillahi a fili.

Yana saukowa ƙafarsa ta bugi wani abu a cikin toka. Ya tona. Rishon lantarki ne mai kai biyu, ya yi baƙi ƙirin, da tukunyar wake a kife a gefensa. Kusa da shi ga hitar ruwa irin ta zobe, a cikin bokitin ƙarfe. Igiyoyinsu duka biyu sun tafi sun haɗu a wani dunƙulen roba da ya narke, wanda da ganinsa ya gane: irin mahaɗin nan ne da ake murɗawa a mazaunin ƙwan fitila, a samu bakin jona kaya.

Murnar da ya yi ta koma ciki. Ya tsuguna a cikin tokar, ya riƙe rishon da hannu biyu.

"Sannu da aiki, Oga Zainu."

Ya waiga. Hashim ne, mai dakon nama a kwata, wanda ɗakinsa ke kallon na Inna. Ƙato ne, baƙi, mutumin wani ƙauye a ƙasar Katsina, yana da mata da 'ya'ya can gida. Hannayensa biyu a naɗe suke da bandeji har gwiwa. Shi ne ya ɓalle ƙofar jiya ya sungumo tsohuwar ya fito da ita ta cikin wuta.

"Sannu Hashim. Allah ya saka maka. Yaya hannun?"

"Da sauƙi. Wallahi Oga, ƙaddara ce kawai. Mu dai mun san kai ba ka ha'inci." Ya matso yana duba ɓarnar. "Sai dai abin nan naka na akwati, shi ne bai da ƙwari. Kwanaki kullum sai ya faɗi, gida ya yi duhu, a tayar, ya sake faɗuwa. Inna tana tsaka da girki sai wuta ta ɗauke. Likita ya hana ta hayaƙin gawayi saboda ƙirjinta, gas kuma ka san yadda ya koma. Ta ce a kira ka, na ce haba, kana da babban aiki a gidan Alhaji, a tayar da kai a kan ɗan wannan? Da aka ɗauke wuta sai na samo waya na ɗaure maka shi. Tun daga ranar bai ƙara faɗuwa ba."

Yana faɗa yana murmushi, irin na wanda ya yi maka alheri a ɓoye yau ya samu damar sanar da kai. Zainulabidin ya buɗe baki, ya dubi bandejin, ya rufe. Ya sa dunƙulen robar da guntun wayar silin a jaka. Rishon ya fi ƙarfin jakar, sai ya bar shi a inda yake, har ya ɗan tura masa toka da ƙafa, shi kansa bai san dalili ba.

Daga nan asibiti ya wuce. Inna Delu tana kwance da robar iska a hanci, ta ƙanƙance a cikin zanin gado. 'Yarta Bara'atu, wadda ke aure a Inugu, ta iso da motar asuba, tana zaune a bakin gadon. Tare suka taso da Zainulabidin, kwano ɗaya suka ci, amma da ya gaishe ta sai ta amsa tana kallon bango.

Tsohuwar ta buɗe ido ta miƙo masa hannu.

"Abidina, kai ne? An ce za a tara maka mutane."

"Ba komai, Inna. Tambaya ce kawai."

"Ba dai 'yan sanda za su kira maka ba ko? Na ce wa Bara'atu ta je ta gaya wa Alhaji ni na yafe. Kayan ɗaki ne, sun tafi sun tafi. Kada a taɓa mini kai." Tari ya sarƙe ta, aka ɗaga ta aka ba ta ruwa.

Ya zo da niyyar ya tambaye ta ko rishon da hitar a tare ta kunna su. Ya kasa. Ita ma, ya gane, ba ta san me ya ƙone ɗakinta ba. Tana kwance ne tana yafe masa laifin da take zaton nasa ne.

Bara'atu ta biyo shi baranda.

"Ita ta yafe, ni ban yafe ba. An ce maka ka sa mai kauri ka ƙi, duk unguwa an sani. Uwar da ta goya ka za ka yi wa aikin ganin ido?"

"Bara'atu, ba wayar ba ce."

"To mece ce?"

Ya dube ta. Jakar tana rataye a kafaɗarsa, nauyinta kamar an zuba duwatsu. Ya ce za ta ji da la'asar, ya juya.

Bai koma gida ba, bai ci komai ba. Ya zauna a wani benci kusa da turken shanu yana kallon ana sauke su daga tirela. Gaba kura, baya siyaki. Idan ya yi shiru, sunansa ya mutu a garin nan. Ba Bahaushen da zai ƙara ba shi ko gyaran makunni, kuma duk gidan da ya taɓa yi wa aiki masu shi za su kwana da fargaba. Idan kuma ya buɗe jakar, ya san Alhaji. Mutum ne mai kyauta, amma idan ransa ya ɓaci ba ya ji ba ya gani. Tsohuwa marar lafiya da mai dako da ƙonannun hannaye, su ne za su kwashe. Ya yi ta juya abin har aka kira salla. A sahu ma sai da na kusa da shi ya taɓa shi kafin ya gane an yi ruku'u.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a rumfa. Ga Alhaji Baffa a kujera, ga Liman, ga dattawan kwata, ga masu ɗakunan da suka ƙone. Hashim yana can baya a tsugune. Bara'atu da wasu mata suna tsaye daga gefe, inda za su ji. Liman ya buɗe da addu'a, Alhaji ya gyara murya.

"Zainu, bara an ce ka sa mai kauri, ka ce siririyar ta isa, ka ce a wuyanka. Ga abin da ya faru. Muna jin ka."

Zainulabidin ya zuge jakar, ya fito da guntun wayar ya miƙa wa Liman.

"Wannan daga silin ɗakin ƙarshe na ciro ta. A duba, jan ƙarfe ce, kaurinta daidai. Fitilun gidan nan ba za su iya ɗumama ta ba." Ya fito da birekar. "Wannan ita ce mai gadin wayar. Idan aka ɗora wa waya abin da ya fi ƙarfinta, ita ke faɗuwa ta katse wuta kafin wayar ta yi zafi. Ta yi ta faɗuwa, tana gaya wa mutanen gida akwai matsala. Sai aka ɗaure ta. Ga ɗaurin nan."

Birekar ta zaga hannu zuwa hannu. Abokin Alhaji, mai shawarar bara, ya ce, "Da ka sa mai kaurin ai da ta ɗauka."

"Da wayar ta daɗe ba ta ƙone ba, gaskiya ne. Amma mazaunin ƙwai da makunni ba a yi su don girki ba. Da su za su fara kamawa, kuma su ma a jikin silin suke."

"Girki?" Alhaji ya ɗago. "Wa yake girki da wutar fitila a gidana? Wa kuma ya ɗaure wannan?"

Zainulabidin ya sunkuyar da kai. Ya ji kalmar ta riga ta kuɓuce masa.

"Da kai nake, Zainu."

"Ranka ya daɗe, a kan waya aka tambaye ni, na kuma faɗi abin da na sani a kanta."

"Kada ka raina mini hankali a gaban mutane!"

Sai aka ji motsi daga baya. Hashim ne ya miƙe a hankali. Murmushin safe ya ɓace, fuskarsa ta yi fari-fari kamar wanda ya tashi daga jinya. Idonsa yana kan birekar da ke hannun Liman.

"Oga Zainu," in ji shi, "kana nufin ɗaurin nan ne ya kawo wutar?"

Zainulabidin ya kawar da kai. Hashim ya dubi hannayensa, ya dubi jama'a, ya sulale ya zauna a ƙasa yana salati. Ba wanda ya ƙara tambayar wa ya ɗaure. Wani daga cikin masu ɗakunan ya ce shi dai ya sha jin ƙamshin wake daga ɗakin Inna ba tare da ya ga hayaƙi ba. Bara'atu ta ja mayafi ta rufe fuska ta bar wurin.

Alhaji ya tashi tsaye yana faɗa, ya ce a kira 'yan sanda, ya ce shi ya hana soket don gudun irin wannan, ga shi an zagaya an ƙona masa gida. Liman ya bar shi ya zazzage, sannan ya ce, "Alhaji, zauna. Wanda kake cewa a kama, shi ne ya shiga wuta ya fito da rai. Mutane kuma tun da suna kwana a ɗaki, sai sun dafa ruwa. Ka hana su ƙofa, sun bi ta taga." Dattawa suka sa baki, aka yi ta ja har rana ta yi ja. A ƙarshe aka bar zancen 'yan sanda. Amma Alhaji ya rantse Hashim ba zai ƙara kwana a gidansa ba. Da zai shiga mota ya waiwayo ya dubi Zainulabidin.

"Kai kuma, akwatin da ka san ran mutane yana ciki, ka bar shi ba kwaɗo?"

Wannan tambayar ta bi shi har gida.

Alhaji bai karɓe aikin sabon gidan daga hannun Zainulabidin ba. Da aka tashi gyaran Gidan Dogo ma shi aka kira, aka ja wa kowane ɗaki soket a kan waya biyu da rabi da birekarta daban, fitilu suka zauna a kan ɗaya da rabi kamar da. Sai dai labari ya riga gaskiya fita. Waɗanda suka zo rumfar sun ji bayani, waɗanda ba su zo ba sun ji cewa wayar Zainu ta ƙona gida. Wasu da suka saba kiransa suka koma kiran wani. Shi kansa ya ɗauki wata ɗabi'a: duk gidan da ya taɓa yi wa aiki, idan ya bi ta layin sai ya yi sallama, ya buɗe akwati, ya dafa wayoyin da bayan hannu ya ji ko da ɗumi.

Inna Delu ba ta koma Gidan Dogo ba. Daga asibiti Bara'atu ta wuce da ita Inugu. Hashim kuwa hannunsa bai gama warkewa ba ya tattara buhunsa, aka ce an gan shi a motar Onica.

Bayan damina ta ɗauke Zainulabidin ya shirya ya tafi Inugu gaishe ta. Bara'atu ta amsa sallamarsa, ta kawo masa ruwa, ta koma ciki ba ta ƙara fitowa ba. Tsohuwar tana zaune a tabarma a inuwar mangwaro, ta rame, tarin bai sake ta ba. Ta tambayi Sadiya, ta tambayi Baiwa, ta tambayi kwata da mutanenta ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ambaci gobarar ba, shi ma bai ambata ba. Sai da ya tashi tafiya ta riƙo bakin rigarsa.

"Abidina, yaron nan Hashim. An ce yana dako a kasuwar Ochanja ta Onica. Ba shi da kowa a can. Ka bi ta wurin ka gaya masa saboda ni ya yi ɗaurin nan, kuma shi ya fito da ni. Ka ce in ji ni ya daina guduwa, ba mai bin sa."

Hanyar Fatakwal ba ta bi ta Onica ba, amma ya hau motar can. Ya shiga kasuwar Ochanja da rana tsaka, ya bi layin masu albasa, ya bi na masu wake da busasshen barkono, yana tambayar wani ƙato mai tabon ƙuna a hannu biyu. Wani ya ce ya san shi, amma ya kwana biyu bai gan shi ba. Wani ya ce ya koma bakin gada wurin masu sauke doya. Ya je bakin gadar, aka ce ai jiya ya bi wata tirela, ba a san ko Arewa ta nufa ko Asaba ba.

Ya koma wurin wani dattijo mai albasa da ya ce Hashim yakan kwana a rumfarsa wani lokaci. Ya faɗa masa saƙon Inna kalma bayan kalma, ya sa shi ya maimaita. Dattijon ya ce in Allah ya dawo da shi zai ji. Zainulabidin ya yi masa godiya, ya saɓa jakarsa, ya kama hanyar tasha kafin motar Fatakwal ta cika.